Sabuwar kyamara a bakin Kogin Gaji: ido take kamawa ko ciyawa?

Baban Nusaiba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke tattaunawa a gidan nan, yau dai ga ni da tawa matsalar. Watan jiya na sayar da tsohuwar kyamarata 80D, na cika kuɗi na ɗauki Canon R7 da lensin RF 100-400. Abin da ya ja ni shi ne maganar da ake yi cewa tana gane idon dabba da kanta ta liƙe masa. Ƙarshen makon da ya wuce na kwana biyu a Yankari don in gani da idona.

Da rana ta ɗaga, ba abin cewa sai alhamdu lillahi. Gwaggon birin nan da ke yawo a sansanin Wikki, ina ɗaga kyamara ɗan akwatin fokas zai faɗa kan idonsa, ko ya juya baya ya waiwayo akwatin na nan. Na samu wani burtu yana tafiya a gefen hanya, har gashin idonsa ya fito. Amma a fitar safe, da muka gangara wajen Kogin Gaji inda itatuwa suka rufe sama, labari ya canja. Gwambaza uku na tsaye a cikin ciyawa, akwatin ya dinga tsalle daga kunne zuwa ciyawa zuwa ƙaho. Da yamma kuma Allah ya ba mu sa'a muka hango giwaye suna tsallake hanya, ISO, wato ma'aunin jin hasken kyamara, ta haura 12800, hotunan suka fito da yashi-yashi, kuma kusan rabinsu ba kaifi. Shi ne nake tambaya: saitina ne, ko lensin ne, ko kuwa iyakar ƙarfinta ke nan idan haske ya ragu? Ina so in san gaskiya kafin in koma a watan Maris.

Baba Na-Jos: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a sabon kaya, ɗana. Kafin kowa ya yanke mata hukunci, faɗa mana abu uku: gudun shota nawa ka sa, wane yankin fokas ka zaɓa, kuma injin motar na kunne ko a kashe lokacin da kake ɗauka?

Baban Nusaiba: Amin Baba. Shota 1/500 na sakan, na bar ISO tana hawa da kanta. Yankin fokas na buɗe mata duka firem, na sa ta a kan dabbobi, gano ido a kunne. Injin kuwa yana kunne, direban bai kashe ba, ni ma ban tuna na ce ya kashe ba.

Baba Na-Jos: To ka ga ɗaya. Mota na kaɗawa, kai kuma ka jingina gwiwar hannu a jikin ƙarfenta, duk rawar injin ta bi ta hannunka ta shiga lensi. Ni shekara da shekaru da 7D Mark II nake aiki, ɗigon fokas ɗaya na tsakiya, ni ke ɗora shi a ido da hannuna. Ban taɓa barin kyamara ta zaɓa mini ba, domin ba ta san abin da na zo nema ba. Gwambaza a cikin ciyawa ai ba sabon abu ba ne, haka muke ɗaukarsa tun kafin a ƙirƙiro gano ido.

Mai Sitidiyo Fagge: Ni fa a ganina maganar gajeriya ce. Ƙaramar sensa ce da ita, wato ɗan farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara. Da ka shawarce ni, R6 Mark II mai babbar sensa zan ce ka ɗauka. Da ita nake ɗaukar dina a ɗakin taro da kusan ba wuta, ISO 12800 ba ta ɗaga mini hankali ko kaɗan, kuma idon amarya ba ya kuɓuce mata ko ana cikin liƙi.

Maman Ilham: Malam na Fagge, amarya tana gabanka taku biyar, kuma da wane lensi kake ɗaukarta?

Mai Sitidiyo Fagge: 70-200 f/2.8, wani lokaci 50 f/1.8.

Maman Ilham: To ai ka ba da amsa da bakinka. Shi a f/8 yake, kuma duk yadda lambar f ta ƙaru, bakin lensi ƙanƙancewa yake.

Injiniya Zariya: Hajiya ta taɓo inda maganar take, bari in shimfiɗa ta da lissafi don kowa ya gani.

Duk kamfanin kyamara yana rubuta iyakar duhun da otofokas ɗinsa ke iya aiki. Da ma'aunin haske EV ake rubuta shi: na R7 an rubuta EV -5, na R6 Mark II kuma EV -6.5. Mutane na karanta wannan su ɗauka ko a daren da ba wata za ta kama. Amma ka duba ƙananan rubutun da ke ƙasa: an auna ne da lensi mai f/1.2, a ɗigon tsakiya, a kan abin da ke tsaye ba ya motsi. Lensin Baban Nusaiba idan ya zuƙo shi zuwa 400 bakinsa f/8 ne, ba ya buɗewa fiye da haka. Ka raba 8 da 1.2, ka ninka amsar da kanta, za ka samu kusan 44. Wato hasken da ke isa sensa ta wannan lensin kashi ɗaya ne cikin 44 na wanda aka yi awon da shi. Mataki biyar da rabi ya tafi tun kafin ka danna komai, kuma kowane mataki rabin haske yake ragewa.

Kuma a kyamara marar madubi irin R7, sensar da ke ɗaukar hoto ita ce dai ke auna fokas, ita ce kuma ke ba ƙwaƙwalwar kyamara hoton da za ta duba ta ce wannan ido ne, wannan ganye ne. Idan abin da ke shigowa ya yi duhu ya cika da yashi, gane ido shi ke fara raunana, tun kafin fokas ɗin kansa ya gaza. Shi ya sa ka ga akwatin na tsalle alhali kai da idonka kana ganin dabbar sarai.

Maganar girman sensa kuma gaskiya ce amma da iyaka. Babbar sensa milimita 36 ce a 24. Ta R7 kusan 22.3 a 14.8. Girman filin babbar ya ninka nata sau biyu da rabi da ɗoriya, wato ribar mataki ɗaya da ɗan kai ta fuskar yashi. Tsakanin f/8 da f/2.8 kuwa mataki uku ne cur, haske ninki takwas. Ka ga wanne ya fi nauyi.

Mai Sitidiyo Fagge: Injiniya na ji lissafinka, amma mataki ɗaya da ɗan kai ai ba wasa ba ne. Bambancin 12800 da wajen 5000 ke nan. Wanda ya taɓa zama gyaran hoto ya san ba ɗaya ba ne.

Ɗan Gashuwa: Ba wasa ba ne idan dabbar ta cika maka firem. Ku zo Dagona, matattarar tsuntsaye da ke kusa da Gashuwa, ku gani. Tsuntsayen ruwan da ke zuwa mana daga Turai da rani ba sa yarda ka matso, dinya da kirinjijiya ma suna hango ka za su tashi. Da lensi 400 a babbar sensa, tsuntsun zai fito kamar ƙwayar gero a faranti, dole ka yanke hoton. Kana yankewa zuwa girman ƙaramar sensa, megafiksel 24 ɗin nan sun koma tara da 'yan kai, kuma ribar yashin da kake taƙama da ita ta tafi, domin ka zubar da gefen sensar da ya tara maka hasken. Ita R7 megafiksel 32.5 ɗinta duk suna kan tsuntsun, 400 ɗinta yana gani kamar 640. Ni saboda wannan na zaɓe ta, kuma yau shekara guda ban yi nadama ba.

Mai Sitidiyo Fagge: Wannan na tsuntsu ne. Shi giwa yake magana.

Ɗan Gashuwa: Gaskiyarka, a giwa na ba ka. Giwa ba ta buƙatar 640.

Maman Ilham: Baban Nusaiba, ni kafin a kai ga sayen wani abu, ina so ka koma kan hotunan da ka ce ba kaifi ka rarrabe su, domin rashin kaifi iri huɗu ne kuma kowanne maganinsa daban. Da yawanmu muna haɗa su duka mu ce fokas ne.

Ka buɗe su a kwamfuta da Digital Photo Professional, manhajar Canon ce kyauta, tana nuna maka inda akwatin fokas yake lokacin da ka danna. Ka zuƙo hoton ɗari bisa ɗari ka nemi wurin da ya fi kaifi. Idan ka ga ciyawar da ke gaban gwambaza ta fito tsaf har kana ƙirga zararta, dabbar kuma ta dushe, wannan kuskuren fokas ne na gaskiya. Idan jikin giwa ya fito amma hanci da kunne sun shafe ta gefe ɗaya, motsi ne, shota ta yi jinkiri. Idan duk hoton ya ja gefe guda har da itatuwa, hannunka ne ko injin da Baba ya faɗa. Akwai kuma wanda za ka bi shi lungu-lungu ba inda ya yi kaifi, gefen komai kamar an zana da ruwa. Wannan iska ce tsakaninka da dabbar, ko hazo ko tururin zafin ƙasa, kuma ba kyamarar da ke maganinsa ko nawa aka saye ta.

Na koyi wannan ne a dajin Amurum da ke kusa da Jos lokacin da muke aikin ƙirgar tsuntsaye. Na yi mako biyu ina zargin lensina, sai wata rana na ɗauki dutse ɗaya da ƙarfe bakwai na safe na sake ɗaukarsa da sha ɗaya, daga wuri ɗaya, saiti ɗaya. Na safen kamar wuƙa, na hantsin kamar kunu.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum mutanen gida, da hwatan kuna lahiya. Hajiya ta hwaɗi gaskiya. Mu nan haske bai taɓa yi muna ƙaranci ba, iska ce abokiyar gabarmu. Na ɗauki raƙuman dawa a Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai, na kuma je Gadabeji bayan an kai wasu can a 2018. Wannan irin na Afirka ta Yamma a 1996 guda 49 kaɗai suka rage a duniya, yanzu sun haura 600, shi ya sa duk wanda ya samu ganinsu yake so ya koma gida da hoto mai kyau. To amma rana na yin sama, duk abin da ya wuce taku hamsin rawa yake a cikin lensi. Sai ka ga otofokas na kai da komo, ba don duhu ba, don abin da take kallo ne ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Abu na biyu, raƙumin dawa kansa cikin ƙayar itace yake yini yana ci. Idonsa baƙi, reshe gabansa, reshe bayansa. Ni Sony gare ni, ita ma tana gane ido, amma in kai ya shiga cikin rassa nakan koma ƙaramin ɗigo in ɗora da kaina, kamar yadda Baba ya ce.

Baba Na-Jos: Madalla. Kun ga ba tsufa ne ke sa ni magana ba.

Ɗan Gashuwa: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan ɗan saɓa maka. Ɗigo ɗaya daidai ne ga dabbar da ke tsaye. Ka ce in bi tsattsewa ko shaho yana kawo farmaki da ɗigo ɗaya, cikin ashirin da ƙyar in samu biyu. Da gano tsuntsu a kunne, sararin sama a bayansa, yawancinsu suna fitowa. Abin da na yi shi ne na raba aikin a maɓalli biyu na baya. Na cire fokas daga maɓallin shota gaba ɗaya. AF-ON na ba shi duka firem da gano ido. Maɓallin tauraro da ke kusa da shi na ba shi ƙaramin ɗigo, ba gano komai. In tsuntsu na sarari, babban yatsa na kan na farko. In zalɓe ya shige cikin kacalla, wadda ta cinye mana rabin ruwa a yankin Nguru, sai in zame zuwa na biyu, in ɗora a kansa, in ya fito in koma. Ba na sauke kyamara daga ido, ba na shiga menu.

Sannan a cikin saitin Servo, wato fokas mai bin abin da ke motsi, akwai Case 2, an yi shi ne don ta riƙe abin da take bi ta ƙyale abin da ya gifta gaba. Ko ka ja ma'aunin saurin sauyawa zuwa -2. Ga dabba a cikin ciyawa yana taimakawa ƙwarai, domin zara ɗaya ta gifta ba za ta saki ido ta bi ta ba.

Baba Na-Jos: Wannan dabarar ta maɓalli biyu na yarda da ita. Ai ɗigona yana nan a ciki, ba ka jefar da shi ba.

Injiniya Zariya: Akwai wani abu da ya kamata Baban Nusaiba ya sani game da giwa. Littafin R7 da kansa ya ce dabbobin da aka koya mata su ne karnuka, kyanwoyi da tsuntsaye. Tana kama wasu da suka yi kama da su, shi ya sa biri da barewa ba sa ba ta wahala. Giwa kuwa idonta ƙarami ne, yana can cikin tamoji, launinsa da na fata kusan ɗaya, ga ƙura ta shafa a jiki. Ɓauna ma haka, baƙi a kan baƙi, a inuwa. A irin waɗannan kada ka jira ta nemo ido. Kuma ba ka ma buƙata: giwa a nisan mita hamsin da f/8, in ka ɗora a goshi ko gindin haure, ido ma yana cikin kaifi.

Baban Nusaiba: Allah ya saka da alheri, ina ta rubutawa. To maganar shota fa? Na ga tana yin hoto 30 a sakan ɗaya kuma ba ƙara, shi na yi amfani da shi duk tafiyar. Sai na lura wasu hotunan da na bi mazo yana gudu, itatuwan baya duk sun karkace gefe ɗaya.

Injiniya Zariya: Shotar lantarki ke nan. Sensa ba ta karanta hoton gaba ɗaya lokaci guda, layi-layi take bi daga sama zuwa ƙasa, kuma a wannan ajin na kyamara yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin talatin na sakan. In kana juya kyamara da sauri, kafin ta kai ƙasa itacen ya matsa, sai ya fito a karkace. Fukafukin ƙaramin tsuntsu ma yakan lanƙwashe. Masu sensa mai saurin karatu irin Nikon Z8 ko OM-1 ba sa nuna wannan sosai, Z8 ma ba ta da shotar inji kwata-kwata. Amma R7 dala 1,499 aka fitar da ita a 2022, ba ajinsu ɗaya da Z8 a kuɗi ba. Maganinsa yana hannunka: in abu na gudu ko tashi, koma shotar inji, hoto 15 a sakan ya ishe ka. In dabba na tsaye kusa kuma ba ka so ƙara ta firgita ta, sai ka yi shiru da ta lantarki.

Maman Ilham: Kuma 30 a sakan memori yake cikawa, ka dawo gida da hoto dubu uku na gwambaza ɗaya. Inda nake ganin amfaninta shi ne yanayin nan da take ajiye rabin sakan kafin ka danna. Tsanwaka na zaune a reshe, ka riƙe maɓalli rabi, tana tashi ka danna, sai ka tarar da buɗe fukafukin da hannunka ba zai taɓa cim masa ba.

Bari in koma kan 1/500 ɗin da ka sa. Ga gwambaza da ke tsaye tana kallonka, ya yi yawa. Kyamarar na da mai hana rawa a jikinta, lensin ma na da shi. In injin mota a kashe yake, ka cika ƙaramin buhu da wake ko gero ka ɗora a bakin taga ka kwantar da lensi a kai, 1/125 zai yi. Mataki biyu ke nan ka samu kyauta, 12800 ta sauko 3200. Ka ɗauki biyar ko shida a jere, a ciki za ka samu wanda ba ta motsa kai ba. Giwa mai tafiya kuwa ka bar ta a 1/400 ko 1/500, ka haƙura da yashi. Hoto mai yashi ana gyara shi, wanda ya shafe ba ya gyaruwa.

Mai Sitidiyo Fagge: A nan nake da magana. Tun da manhajar gyaran hoto Lightroom ta kawo sabon mai cire yashi a 2023, da su DxO PureRAW, ni na daina tsoron ISO. Ka ɗauka a RAW kawai, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, 12800 na ƙaramar sensa ma yana fitowa fes. Sai dai yana son kwamfuta mai ƙarfi, tsohuwar laftof sai ta yi mintoci a kan hoto ɗaya.

Maman Ilham: Ina amfani da shi, amma da taka-tsantsan. In ka matsa masa, yakan shafe zanen gashin tsuntsu ya mai da shi sumul, ko ya fito da wani zane da ba ya nan. Ga mai hoton ado ba komai. Ga mu da ke tura hoto don a tantance wane irin tsuntsu ne, wani lokaci ɗan layin da ke gefen fukafuki shi ne duk shaidar. Ni asalin RAW ɗin ba na taɓa goge shi.

Ɗan Zango Kumasi: Gaisuwa ga manya. Ni a dajin Mole da ke Ghana na ɗauki giwa, can ana fita da ƙafa tare da mai gadin daji. Abin da zan ƙara kawai, don Allah kada neman haske ya sa wani ya kunna filasha a fuskar giwa ko ya matsa wa direba ya ƙara kusa. Uwa da ɗa ba ta da wasa. In mai gadi ya ce nan za a tsaya, nan ne.

Baba Na-Jos: Allah ya yi maka albarka. Giwayen Yankari na cikin 'yan kaɗan da suka rage mana a ƙasar nan, sun sha wuya a hannun mafarauta, ba su da dalilin yarda da mutum. Hoton da za a tayar musu da hankali a kansa ba mu so.

Ɗana, ga abin da zan ce ka yi kafin Maris. Kada ka sake kai sabon saiti daji ba ka gwada shi a gida ba. Mu nan kusa da tsakiyar duniya muke, daga faɗuwar rana zuwa duhu minti ashirin da 'yan kai ne, kuma a cikinsu akwai sallar magariba. Ba lokacin koyon maɓalli ba ne. Ka samu akuya baƙa ko ja, a ɗaure ta a bayan gida inda akwai ciyawa, ka tsaya nisan taku talatin. Bayan ka dawo daga sallar asuba, gari na fara wayewa, ka dinga ɗaukar goma-goma duk bayan minti biyar har rana ta fito. Ka rubuta lokaci da ISO. Washegari ka sake da ɗaya saitin. Daga nan za ka san a wane haske take fara kama ido, kuma ba wanda zai faɗa maka wannan a intanet, domin su ba da lensinka da hazonmu suka gwada ba. Na tsuntsu mai tashi kuma, ka je kwata, shirwa na nan tana shawagi kullum, ko ka bi garken shanu don balbela.

Mai Sitidiyo Fagge: Baban Nusaiba, in ka shigo Kano ko akwai mai zuwa Bauchi, ina da tsohon EF 70-200 f/2.8 da adafta, ba na aiki da shi sai ranar da biki ya haɗu biyu. Ka karɓa ka gwada. A kan R7 zai gani kamar 320, ga giwa da ɓauna ya isa.

Baban Nusaiba: Kai, na gode ƙwarai Yaya, Allah ya bar zumunci. Ƙanena na zuwa Kano ranar Laraba, zan turo maka magana ta gefe.

Baban Nusaiba: Salam, na dawo da rahoto bayan kwana tara.

Na fara da rarrabe hotunan Yankari kamar yadda Maman Ilham ta ce. Na giwaye, da na duba, akwatin yana kan kai ko kafaɗa a mafi yawansu, fokas bai ɓace ba. Abin da ya ɓata su rawar mota ce, domin har itatuwan baya sun ja gefe ɗaya, sai ƙurar da garken ya tayar. Na gwambaza kuwa kuskuren fokas ne sosai, ciyawar gaba ta fito tsaf. Wato kashi biyu ne daban na haɗa na kawo muku a matsayin ɗaya.

Sai gwajin akuya, safiya huɗu. Da 100-400 a f/8, farkon wayewar gari ba ta ganin ido, jiki take kamawa ko ciyawa. In na danna ƙaramin ɗigo na ɗora a kan iyakar kunne da fuska, tana kamawa, da ɗan jinkiri. Kamar minti goma kafin rana ta ɓullo sai ta fara samun ido tana saki, rana na fitowa ta liƙe. Da lensin Yaya na Fagge a f/2.8, tun gwaji na biyu ta kama ido, kusan minti goma sha biyar kafin ɗayan, kuma inda wancan ke neman 12800 wannan 1600 yake nema, daidai lissafin Injiniya. Case 2 ya rage tsallen zuwa ciyawa ƙwarai, sai dai in ta riga ta kama ciyawar tun farko, nan ma riƙe ta take, sai na saki maɓalli na sake. Safiyar da hazo ya sauko kuwa duka lensin biyu sun ja baya, launin akuyar da na ciyawar sun zama ɗaya.

Buhun gero ma na ɗinka. A 1/125 akuya na tsaye, cikin shida nakan samu uku ko huɗu masu kyau.

Yanzu abin da ke damuna shi ne canja lensi a daji. In na fita da 70-200 da sassafe, rana na ɗagawa zan so 400 don tsuntsaye, ga ƙurar Maris.

Ɗan Maraɗi: Ka kashe kyamara tukuna, R7 tana ruhe labulen shota in an kashe ta, yana kare sensa. Ka juya bakinta ƙasa, ka canza cikin jaka ko ƙarƙashin riga, mota na tsaye, ƙurar da ta biyo ku ta kwanta. Labulen kuwa kada yatsa ya taɓa shi, ba shi da ƙwari.

Ɗan Gashuwa: Kuma ka riƙe batir uku aƙalla. Madubin leƙen lantarki yana shan wuta ko ba ka ɗauka, ba kamar 80D ɗinka ba. In ka gama da Yankari ka biyo Dagona kafin baƙin tsuntsayen su koma, in Afrilu ya shiga yawancinsu sun tafi.

Maman Ilham: Gwajin shirwar fa, ka yi?

Baban Nusaiba: Saura shi, Hajiya. Asabar in sha Allahu zan je kwata da safe, shotar inji, 1/2000, zan gwada duka firem da kuma yankin tsakiya in ga wanne ya fi riƙe ta in ta sauko ta gaban gine-gine. Zan sa hotunan a nan da akwatin fokas a jiki don ku gani.

Baba Na-Jos: Ka tsaya rana na bayanka, kuma ka gaisa da mahautan ka faɗa musu abin da ya kawo ka kafin ka ɗaga kyamara. Muna jira.